Mai zanen Umdurman da ya kasa haja aka rasa mai tayawa

Duk ɗan kasuwa ya san zafin saro kaya daga nesa, ya kasa su a rumfa, ya wuni babu mai tayawa. Abin da ya sami Ibrahim El-Salahi ke nan, shahararren mai zanen nan da aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan wani malami mai koyar da Alƙur'ani.

A 1954 ya tafi makarantar Slade da ke Landan, inda ya ƙware a zanen mutum sak, kai ka ce in an kira shi zai amsa. Turawa sun daɗe da wannan sana'a, kuma da can sarakuna da attajirai aka fi zanawa. A Faransa, wani Gustave Courbet ya ta da ƙura a 1850, da ya zana jana'iza a garinsu Ornans. Ya jera mutanen gari fiye da 40 a allo mai tsawon sama da mita 6, kowa da fuskarsa yadda Allah ya yi shi, babu kwaskwarima. Manyan Faris suka ce ya ɗaukaka muni.

To, El-Salahi ya dawo gida a 1957, ya baje kolin irin zanen da ya koyo a Khartum. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa ranar buɗewa jama'a sun zo sun sha lemo, daga nan bai sake ganin ƙeyar kowa ba. A ganinmu ba laifin 'yan kallo ba ne. Mutumin da idonsa ya buɗe a kan allo da tawada da adon ƙwarya, me zai yi da fuskar wani baƙo a bangon ɗakinsa?

Sai ya fara saka ɗan rubutun Larabci a kusurwar zane, ya lura mutane suna matsowa su karanta. Sannu a hankali ya riƙa lanƙwasa haruffan har fuskoki da dabbobi suka fito daga cikinsu. Wannan salo nasa da na abokan aikinsa irin su Ahmed Shibrain shi ake kira Makarantar Khartum.

A farkon shekarun 1960 zanensa ya isa Nijeriya, aka nuna shi a kulob ɗin Mbari da ke Ibadan. A 1975 gwamnatin Numeiri ta tsare shi wata shida a kurkukun Kobar ba tare da shari'a ba. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan, garin da ya yi karatu, ya shirya babban baje koli na ayyukansa shi kaɗai.