Yadda Manhajar Aro Kan Gane Rajistar Mai Gida

Duk wanda ya taɓa shiga babban kantin magani a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya san cewa akwai littafin da akan rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Haka ma manhajar kwamfuta take da rajistarta, inda takan rubuta abin da ta aikata, da lokacin, da kuskuren da ya auku. Ranar da lissafi ya rikice, nan ake komawa.

To, magini ba ya ƙera kowane bulo da hannunsa. Mai rubuta manhaja kan ɗauko gutsattsarin da wasu suka riga suka rubuta, wato manhajojin aro. Matsalar ita ce, manhajar aro baƙuwa ce, ba ta san irin rajistar gidan da za ta sauka ba. A harshen Java kaɗai akwai Log4j, wadda Ceki Gülcü ya ƙirƙiro, ta fito a 2001, ga kuma java.util.logging ta 2002.

Dabara ta farko ita ce ta Commons Logging, ta 2002. A tsarinta na asali, takan fara duba ko mai gida ya bar umarni a rubuce. In babu, sai ta kira Log4j da suna. In ta amsa, shi ke nan. In shiru, ta gwada ta Java, daga ƙarshe ta koma ga tata 'yar ƙarama. Illar wannan lalube ita ce, inda manhajoji da yawa suke zaune a na'ura guda, takan kama wadda ba ita ake nufi ba.

Saboda haka Gülcü ya fito da SLF4J, inda mai gida da kansa yake ajiye mahaɗi guda. Daga 2022 kuwa, kowace rajista ce take shelanta kanta. In ba a sami ko ɗaya ba, SLF4J kan yi gargaɗi, sa'an nan ta zubar da duk bayanan.

Lamarin ba na wasa ba ne. A Disamban 2021 aka bayyana wata ɓaraka a Log4j 2, mai suna Log4Shell, wadda ke bai wa ɓarawo damar sarrafa na'ura daga nesa. Ma'aikatu da dama sai da suka shiga bincike kafin su san ko tana cikin kayansu. Wajibi ne mai gida ya san littafin da baƙinsa suke rubutu a ciki.