Baby Dodds: Makaɗin Da Na'ura Ta Danne Wa Ganga

Duk lokacin da aka ɗauko zancen kiɗan jaz na gargajiya, sunan Louis Armstrong mai busa ƙaho ne ke fara zuwa baki. Ni kuwa yau wanda ke zaune a bayansa nake so mu waiwaya, wato Warren Dodds, da aka fi sani da Baby Dodds.

An haife shi a birnin New Orleans na Amurka a 1898. Da gwangwanin kitse ya fara koyon kiɗa, sandunan kujerar mahaifiyarsa kuma su ne makaɗansa. Daga 1918 ya yi kiɗa a jiragen ruwan kogin Mississippi a ƙarƙashin Fate Marable, tare da Armstrong. Daga nan ya shiga ƙungiyar King Oliver, wadda ta yi tashe a Chicago, inda yayansa Johnny ke busa.

A 1923 ƙungiyar ta yi fayafayan da har gobe ake ji da su. Sai dai na'urar wancan zamani allura ce ke zana sauti a kan kaki, kuma bugun babbar ganga kan sa ta tsalle. Don haka aka rage masa kaya, akasari ɗan katako yake ƙwanƙwasawa. Wanda ya san Dodds ta waɗannan fayafayai kaɗai, inuwarsa ya sani.

Da tattalin arziki ya karye, sai da ya haɗa da harkar tasi don riƙe kansa. Sai a 1946 aka ɗauke shi shi kaɗai, yana kiɗa yana bayanin yadda makaɗi ke sauya hannu gwargwadon wanda ke busa a gabansa. Shekara uku bayan haka ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Chicago a 1959. Da an yi jinkiri kaɗan, da wannan ilimi ya bi shi kabari.

Abin da ke damuna shi ne namu halin. Kowa ya san Mamman Shata, amma mutum nawa za su iya kawo sunayen masu kalangun da suka yi masa kiɗa? Tsofaffin makaɗa suna nan a unguwanninmu, kuma wayar da ke aljihunmu ba ta tsoron ganga. Mu zauna da su, su kaɗa, su yi bayani, tun da sauran lokaci.