Lasisi hamsin don sana'a ɗaya: tsadar zama masanin halayyar ɗan'adam a Amurka

A Amurka, idan masanin halayyar ɗan'adam yana duba ɗaliba mai fama da ciwon damuwa a jihar Nevada, sai ta samu gurbin karatu ta koma Kalifoniya, ba shi da hurumin ci gaba da ganinta na dogon lokaci, ko da ta bidiyo ne, sai in yana da lasisin Kalifoniya. A wurin doka, inda mara lafiya yake a lokacin ganawa, can ne aikin ya gudana. Likitan da ya yi rajista da hukumar likitoci ta Najeriya zai iya aiki a Kano ko a Kalaba da takarda ɗaya. A Amurka kuwa gwamnatin tarayya ba ta ba da irin wannan lasisi, kowace jiha da hukumarta da sharuɗɗanta da kuɗinta.

Tun a 1889 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar wa jihohi ikon tantance masu aikin likita, a shari'ar wani mutum mai suna Dent da jihar West Virginia. Masana halayya, waɗanda aikinsu gwaje-gwajen tunani ne da magani ta hanyar tattaunawa, sun shigo sahu daga baya. Connecticut ce ta fara yi musu doka a 1945, Missouri ta zama ta ƙarshe a 1977.

Hanyar samun lasisin doguwa ce. A yawancin jihohi sai mutum ya yi digirin digirgir, shekara biyar zuwa bakwai bayan digirin farko, kuma da yawa suna fitowa da bashin karatu da ya haura dala 100,000. Daga nan sai aiki ƙarƙashin kulawar wani mai lasisi, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba: Kalifoniya na neman awa 3,000, Florida 4,000, wasu jihohin kuma sun soke shekarar da ake yi bayan kammala digiri. Sai jarrabawar EPPP, tambayoyi 225 cikin awa huɗu da kwata, wadda kuɗin zamanta ya wuce dala 600, kuma wanda ya faɗi zai sake biya daga farko. Ba a ƙare ba. Akwai jarrabawar dokokin jiha, da kuɗin takardar nema, da na ɗaukar zanen yatsu, da na sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu, da kwasa-kwasan ƙarin ilimi da ake tilastawa. In mutum ya ƙaura wata jiha, sai ya sake tattaro takardun da ya ajiye shekara ashirin da suka wuce, har da sa hannun malamin da ya kula da shi, wanda wataƙila ya riga mu gidan gaskiya.

Wanda zai ce a soke lasisi gaba ɗaya bai san abin da ke faruwa a ɗakin da aka rufe ƙofa ba. Mara lafiya yana zuwa ne a lokacin da ya fi rauni, ya faɗi sirrin da bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa ba, kuma ba shi da hanyar gane gwani daga ɗan damfara. A 2000, a jihar Colorado, wata yarinya mai shekara 10 ta mutu a hannun wasu mutane masu kiran kansu masu gyaran hali. Sun naɗe ta a mayafi suka danne ta da matasai, wai don a "sake haihuwarta". Jagorar aikin ba ta da lasisi. An ɗaure mata biyu daga cikinsu shekara 16 kowacce, jihar kuma ta haramta wannan salo a 2001. Hukumar da za ta karɓi ƙorafi, ta bincika, ta ƙwace takardar wanda ya ci amana, wajibi ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wa ke tsara sharuɗɗan? Galibin mambobin waɗannan hukumomi masu sana'ar ne da kansu, wato mai gadin ƙofar kasuwa shi ma yana da rumfa a ciki. Duk tsaurin da aka ƙara yana rage sababbin shiga, ƙarancin masu aiki kuma yana ɗaga farashi. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya yi wannan gargaɗi tun 1962. Wani rahoton Fadar White House na 2015 ya nuna cewa ma'aikatan da ke buƙatar lasisin jiha sun tashi daga ƙasa da kashi 5 cikin 100 a shekarun 1950 zuwa kusan kashi 25. A 2015 ɗin kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar hukumar likitocin haƙori ta North Carolina, cewa hukumar da masu sana'a suka mamaye ba ta tsira daga dokar hana babakere ba sai in jiha na sa mata ido sosai. Ni dai ban ga hujjar da za ta sa awa 3,000 ta isa a wannan jiha amma ta gaza a waccan ba, alhali ciwon iri ɗaya ne. Wanda ke biyan bambancin shi ne mutumin karkara, a ƙasar da sama da mutum miliyan 100 ke zaune a yankunan da gwamnati da kanta ta ce ba su da isassun ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa.

An ɗan samu sauƙi da yarjejeniyar PSYPACT, wadda ta fara aiki gadan-gadan a 2020, daidai lokacin da korona ta mayar da ganawa kan intanet. Jihohi sama da 40 sun shiga. Mai lasisi a ɗayarsu zai iya duba mutanen sauran ta bidiyo, ko ya je da kansa har kwana 30 a shekara. Sai dai ita ma da kuɗinta: dala 400 na takardar farko, da sabuntawa kowace shekara, a kan lasisin da mutum ya riga ya biya.

Rigimar da ta fi tona lamarin ita ce ta jarrabawa. Ƙungiyar hukumomin jihohi, ASPPB, da aka kafa a 1961, ita ke da EPPP, ita kuma ke karɓar kuɗinta. Masu bincike sun daɗe suna cewa ba a nuna cin wannan jarrabawa na nufin iya duba mara lafiya ba, kuma alƙaluman jihar New York da aka wallafa a 2019 sun nuna baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka sun fi turawa faɗuwa nesa ba kusa ba. Maimakon gyara jarrabawar, sai ƙungiyar ta sanar a 2022 cewa daga Janairun 2026 kowa sai ya ƙara da kashi na biyu na gwajin ƙwarewa, a kan dala 450. Hukumar jihar Texas ta ce ba da ita ba, ta kai ƙorafi ga hukumar kula da kasuwanci ta tarayya. A Oktoban 2024 ASPPB ta janye wa'adin, ta ce za ta haɗe kashi biyun su zama zama ɗaya. Makamin da Texas ta yi barazana da shi kuwa shi ne rubuta jarrabawarta ta kanta, abin da zai sa ɗan Texas da ya ƙaura ya tarar wasu jihohin ba su san da ita ba.