Akwatin da ke tona asirin ɗumamar teku tun 1931

Tun shekarar 1931 wasu jiragen dakon kaya da ke ratsa Tekun Arewa da arewacin Atlantika ke jan wani akwatin ƙarfe a bayansu. Tsawonsa bai wuce mita guda ba. A cikinsa akwai ƙyallen siliki da ke naɗuwa a hankali, yana tace ruwa, yana kama filankton, wato ƙananan tsirrai da dabbobin teku da galibi ido ba ya iya gani.

Wani masani ɗan Ingila, Alister Hardy, ne ya ƙirƙiro na'urar. Har yau ana mayar da ƙyallen birnin Plymouth, inda ma'aikata ke ƙirga halittun a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Aiki ne mai cin rai, amma shi ya sa ake da tarihin teku na shekaru da dama.

Tarihin ya nuna cewa filankton na ƙaura. Binciken da aka wallafa a 2002 ya gano nau'o'in da ke son ruwan ɗumi sun matsa arewa da kimanin kilomita 1,000 cikin shekara 40, masu son sanyi kuma sun ja da baya.

A Tekun Arewa an ga illar a jikin kifin kod. 'Ya'yansa na ƙyanƙyashewa bayan hunturu, daidai lokacin da wani ɗan ƙwaron ruwa mai kitse, Calanus finmarchicus, ke yawaita. Da ruwan ya ɗumama sai ya ragu, wani ɗan uwansa marar kitse sosai ya maye gurbinsa, kuma shi sai can ƙarshen bazara yake yawa. 'Ya'yan kifin sukan fito, abincinsu bai iso ba. Kamun kifi fiye da kima ya ƙara dagula lamarin.

Kifin titus da ake soyawa a Kano da Kaduna ma daga waɗannan tekuna ake shigo da mafi yawansa, kuma filankton ne abincinsa. Wajen 2007 garkunansa suka fara cika ruwan Iceland, lamarin da ya jawo taƙaddama tsakaninta da Norway da Tarayyar Turai kan rabon da kowa zai kama.