GURE: KOYON SABON SALON GUDU SAI DA HAƘURI

A Gure, bayan sallar asuba, ana ganin samari suna gudu a bakin kwalta, kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Diffa. Wasu ƴan ƙwallo ne. Wasu kuwa suna shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma, inda ake gwada gudu. Amma da yawansu ciwon gwiwa ko na ƙwauri ke zaunar da su tun ranar ba ta zo ba. Saurayin da ya gurgunce a bakin damina kuwa, ba shi kaɗai ya yi hasara ba, har da gonar gidansu.

Mene ne ke kawo ciwon? Sau da yawa dogon taki ne. Mai gudu yakan miƙa ƙafa can gaba, dunduniya ta daki ƙasa, gwiwa a miƙe. Duk dukan nan a gwiwa yake ƙarewa.

A shekarar 2011 masana na jami'ar Wisconsin ta Amurka sun gwada masu gudu. Sun gano cewa in mutum ya gajarta taki, ya ƙara yawansa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, nauyin da ke kan gwiwa yana raguwa. Lissafin ba wuya. Mai gudu ya ƙidaya sau nawa ƙafarsa ta dama ke taɓa ƙasa cikin minti ɗaya. In ya samu 80, sai ya nemi 84, daga baya 88. Ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki.

To, a nan ne zuciya ke karaya. Makonnin farko mutum zai ji kamar bai taɓa gudu ba. Numfashi ya yi sama, sha-raɓa ta yi tsami, abokai su wuce shi suna dariya. Sai ya ce salon banza ne, ya koma gidan jiya. Wannan kuskure ne. Dattijon da ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ranar farko alli ya fi masa hauya nauyi. Bayan wata uku yana rubuta sunansa. Ƙafa ma haka take koyo.

Ga abin da ya kamata a kiyaye:

A fara da minti 5 na sabon salo, sauran a yi yadda aka saba, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan kowane mako. Kada a tilasta gudu bisa ƴan yatsu, don nauyin da ya bar gwiwa sai ya koma kan agara. Rairayin Gure yana da laushi, amma yana gajiyar da agara da idon sawu, saboda haka hawan jigawa sai ƙafa ta yi ƙwari. Bayan damina a sa takalmi saboda ƙarangiya. A yi gudu da sanyin safiya, a sha ruwa.

Tsamin jiki yakan wuce cikin kwana biyu ko uku. Amma ciwon da ke suka a wuri guda, ko kumburi, ko ɗingishi, wannan sai a tsaya a je likita.

Manyan gwanaye ma sun canza salo. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun kilomita 42 na wasannin Olimfik a birnin Rom a 1960 ba takalmi. A 1964 ya sake ci a Tokiyo, wannan karo da takalmi. A Meziko a 1968 ciwon ƙafa ya fid da shi kafin ƙarshe. Ke nan ciwo ba ya jin kunyar kowa. Ɗan Nijar Abdu Manzo ya kai ƙarshen wannan doguwar tsere a Sewul a 1988.

Samarin Gure su daina awon kansu da saurin aboki. Su duba ko sun tashi yau ba ciwo, ko ƙidayar taki ta ƙaru. Sannu ba ta hana zuwa.