Aikin Gayya a kan Samfurin Manhaja: Iyakoki da Matakan Kariya (Misali daga Tamale)

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan wani sabon nau'in aikin gayya da masu nazarin harshe suka fara shiga, wato haɗa hannu wajen gina samfurin manhaja. Idan aka ce samfuri a nan, ana nufin wani tsari na kwamfuta wanda aka horar da shi da ɗimbin jimloli ko muryoyi, har ya iya fassara, ko mayar da magana rubutu. Samfurin tarayya kuwa shi ne wanda mutane da yawa suke zuba masa bayanai, kowa kuma yana iya ɗaukarsa ya yi amfani da shi. Manufar takardar ita ce nuna cewa abin da aka zuba wa samfuri shi yake mayarwa, kuma janye shi bayan ya bazu abu ne mai wuya. Don haka, kafin a fara ake yin hattara.

2.0 Dalilin Zaɓen Tamale

Tamale ita ce hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Gana. Dagbani ne babban harshen garin, amma Hausa ta daɗe tana aiki a zango da kasuwa, sakamakon tsohon fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. A garin ne ƙungiyar masu rubuta Wikipedia ta Dagbani take, wadda aikinta ya kai ga buɗe shafin harshen a shekarar 2021. Ke nan akwai matasa masu sha'awar aikin sa-kai a kan harshe. Tambayar ita ce: idan irin waɗannan matasa suka juya ga Hausar garinsu, waɗanne matsaloli za su tarar?

3.0 Iyakokin Samfurin Tarayya

3.1 Karin Harshe

Google ya sanya Hausa cikin injin fassararsa a 2013, kamfanin Meta kuma ya fitar da samfurin NLLB-200 a 2022, wanda shi ma ya ƙunshi Hausa. Sai dai galibin rubutun Hausa da ke intanet da daidaitacciyar Hausa aka yi shi, wadda aka gina bisa Kananci. Gananci kuwa ya sha bamban. Alal misali, masu magana da shi da yawa ba su bambanta jinsin namiji da na tamata, sai a ji an ce "mata ya zo". Haka nan sautukan ɓ da ɗ sukan koma b da d. Samfurin da bai taɓa cin karo da wannan ba zai ɗauke shi a matsayin kuskure. Idan kuma aka gwamutsa karuruwan biyu ba tare da alama ba, sai a sami samfurin da bai iya ko ɗaya da kyau ba.

3.2 Ƙa'idojin Rubutu

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin birni ko garin tuwo. Bugu da ƙari, masu rubutu da yawa suna barin haruffa masu ƙugiya, sai "ƙafa" ta koma "kafa". Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar kuma ƴ. Mutum yana gane manufa daga muhallin magana, amma a wajen kwamfuta kowace siga kalma ce daban.

3.3 Ingancin Bayanai

Yawan hannaye ba ya tabbatar da inganci. A shekarar 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke ya rubuta dubban maƙaloli a Wikipedia ta harshen Scots alhali bai iya harshen ba, kuma ya yi shekaru ba a lura ba. Da yake daga irin waɗannan shafuka ake kwasar jimlolin horar da samfuri, kuskuren mutum ɗaya yana iya yaɗuwa zuwa manhajoji masu yawa.

3.4 Haƙƙin Mallaka

Ƙungiyar Masakhane, wadda masu bincike na Afirka suka kafa a 2019, ta dogara da farko ga tarin jimlolin JW300, wanda aka tattaro daga wallafe-wallafen Shaidun Jehobah. Daga baya aka janye tarin saboda batun haƙƙin mallaka, aiki mai yawa ya sami cikas. Shi ma NLLB-200 lasisinsa bai yarda a yi kasuwanci da shi ba. Saboda haka, kasancewar abu a intanet ba izinin ɗauka ba ne.

4.0 Matakan Kariya

Na farko, a yi yarjejeniya a rubuce tun kafin a fara: wace Hausa ake tattarawa, kuma da wace ƙa'idar rubutu. Kowace jimla a yi mata alamar karinta da garin da aka samo ta.

Na biyu, kada mai fassara ya zama mai tantance aikin kansa. A sami ɗan asalin karin ya duba. Haka kuma kada a mayar da fassarar inji cikin tarin bayanai ba tare da gyara ba, domin samfurin zai riƙa koyon kuskurensa ne.

Na uku, a adana tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi shi, yadda za a iya komawa ga sigar baya idan wani ya ɓata aiki. A kuma ware jimlolin gwaji daban, kada su shiga cikin na horarwa, in ba haka ba sakamakon gwajin zai zama na yaudara.

Na huɗu, a nemi yardar masu bayar da murya da harshen da suke ji. Shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, ya saki muryoyi bisa lasisin CC0, wato kowa yana iya ɗauka, har da 'yan kasuwa. Dattijon da aka naɗi muryarsa a zango yana da haƙƙin sanin haka. Dokar kare bayanan mutane ta Gana ta 2012 da ta Nijeriya ta 2023 duk sun ba da muhimmanci ga yardar mai bayani.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa samfurin tarayya tamkar rijiyar unguwa ce: kowa yana sha, amma mutum ɗaya yana iya gurɓata ta. Idan ba a tattara Hausar Tamale da sunanta ba, manhajojin gobe za su riƙa "gyara" ta har ta ɓace daga rubutu. Aikin ɗalibin harshe a wannan gayya shi ne tsayawa a kan kari da ƙa'ida da izini, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.