Murya a Kulle, Adireshi a Fili

Duk wanda ya taɓa halartar taro ta Google Meet daga cikin burauza, ba tare da sauke wata manhaja ba, ya ci moriyar fasahar WebRTC. Kamfanin Google ne ya sake ta ga kowa a 2011, yau kuma Chrome da Firefox da Safari duk suna ɗauke da ita. Murya da hoto a kulle suke tafiya, wannan kam abin yabo ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kafin na'urori biyu su haɗu kai tsaye, tilas kowace ta san adireshin intanet na 'yar'uwarta. A 2015 aka nuna cewa shafi na iya tambayar burauza wannan adireshi a ɓoye, ta kuwa faɗa, ko da mai ita ya fake bayan VPN. Cikin ɗimbin 'yan Najeriya da suka rungumi VPN sa'ad da gwamnati ta dakatar da Twitter a 2021, nawa ne suka san haka?

Burauzar Tor kashe fasahar ta yi gaba ɗaya. Sauran sun yi gyare-gyare, amma a ganina da sauran aiki: burauzar da ke neman iznina kafin ta kunna kyamara, ya kamata ta nemi iznina kafin ta faɗi inda nake.